Inna, Mun Kai Turame Bakin Gulbi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tumba, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, irin wadda ɗiya take yi wa uwar da ta haife ta. Ina fatan kina cikin sauƙi da yalwar makwanci. Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. An gama girbi, gero ya yi kyau, dawa ce ba ta cika ba saboda ruwa ya ɗauke da wuri.

Bayan haka, ni ce Kulu, autarki. Dalilin wannan takarda shi ne ana ta magana a kaina a gari, daga bakin kasuwa har ƙofar masallaci. Ana cewa na tsufa ban yi hankali ba, na kunyata Yaya Umaru a bainar jama'a. Wasu sun sa mini suna mai ƙin ci gaba. Na san ba ke kaɗai takardar nan za ta isa ba, akwai masu karantawa a waya, cikinsu har da masu zagin. Su karanta. Amma ke nake yi wa bayani, don a kan maganar gulbi ke kaɗai nake jin nauyi.

Waɗanda suka tashi yanzu ba sa yarda idan na ce musu gulbinmu yana da doka. Ba rubutacciya ba ce, ba kuma hakimi ne ya kafa ta ba, mata ne suka gaje ta. Daga babbar kanya zuwa sama mashaya ce, ba a sa ƙafa a ciki, sai dai a miƙa ƙwarya mai tsabta a ɗiba. Ƙasa da kanya wurin wanka. In aka gangara wajen faffaɗan dutse, nan ake wanki. Can ƙarshe, a mashigi, shanu da jakuna suke sha. Ke kika gaji tsaron wannan doka daga uwar mijinki. Ba a naɗa ki ba, ba a biyan ki, amma da hantsi duk wanda ya sauka gulbi ya san zai same ki a gindin kanya kina kaɗi, idonki yana kan ruwa.

Ina tuna ranar da wani malamin gona ya zo daga Tambuwal da motar gwamnati, irin mai tsayin ƙafa ɗin nan. Ya gangara da ita sama da kanya, ya naɗe hannun riga, ya fito da sabulu. Mata duk suka ja da baya, don a lokacin ma'aikaci abin tsoro ne. Ke kika ajiye mazari, kika ɗauki ƙwarya, kika tara a ƙarƙashin motar inda ruwa yake ɗiga baƙi ƙirin, kika miƙa masa da hannu biyu. Abin da kika ce shi ne, "Malam, bismilla. In ka sha, mu ma muna sha." Ya dube ki, ya dubi ƙwaryar, ya shiga motarsa ya gangara mashigi wurin jakuna. Ba ki yi dariya ba. Kika wanke ƙwaryar da yashi har sau uku, kika koma kan kaɗinki.

Ba zan yi ƙarya in ce zamanin nan duk daɗi ne ba, don kin fi kowa sani. Da bazara gulbi yakan yanke ya zama gurabe, ruwa ya kwanta, kuma shi muke sha. Daga nan kurkunu yake fitowa. Shekarar da ya kama Yaya Umaru, damina guda bai taka gona ba. Ina ganinki kina zaune a ƙofar ɗakinsa kina naɗe tsutsar a jikin tsinke, kullum kaɗan kaɗan don kada ta tsinke a cikin ƙafa. Har yau yana ɗingishi da wannan ƙafar. Hadiza kuma, wadda nake bi, gudawa ce ta ɗauke ta a kwana biyu, babu inda za a kai ta, babu hanyar mota. Ni ban san ta ba, sai dai zanen goyonta da kika adana a ƙasan akwati.

Saboda haka da Yaya ya dawo daga kwalejin horon malamai, a shekarun da aka ce yanzu mu Jihar Sakkwato ne, kuɗin mai kuma ya fara leƙowa ƙauye, ya tara samari suka kafa ƙungiyar raya gari, ba wanda ya kai ki murna. Shi ne sakatare. Aikinsu na farko azuzuwan firamare ne, da aikin gayya. Maza suna buga bulo, mata suna ɗauko yashi daga gulbi a kwanduna. Ke ma kin ɗauka, da gammo a kanki, sawu nawa ban sani ba. Ina bayanki da ɗan ƙoƙo. Wannan yashin da muka ɗiba da kai da jakuna, damina guda gulbi ya mayar da abinsa, ko alama ba ta rage ba. A cikin waɗannan azuzuwa na koyi baƙi da wasali na boko. Ki lura, Inna, ina faɗin wannan ne don masu cewa ina ƙin ci gaba su san cewa a cikinsa aka raine ni.

Sai aka haƙa rijiyar burtsatse, aka sa mata famfon tuƙa-tuƙa a tsakiyar gari. Ranar da ruwa ya fito an yi kiɗa har la'asar. Yaya da kansa ya tara ƙwarya ya kawo miki. Kika sha, kika yi hamdala, kika sa masa albarka a gaban mutane. Da muka koma gida kika ce masa, "Kun samo muna ruwa, Allah shi saka da alheri. Amma wa ka tsaron gulbi yanzu? Mutum ba shi tsaron abin da ba shi sha." Ya yi dariya ya ce Inna ke nan. Ni ma na yi dariya, don na ga yana yi.

Kurkunu ya tafi, bai dawo ba. Wannan gaskiya ce, kuma ladan yana wuyan Yaya da abokansa.

Amma maganarki ba ta faɗi ƙasa ba. Kafin shekara ta zagayo, mata sun fara wanki inda suka ga dama. Da kin yi magana sai a ce, Inna Tumba, ai ba mai sha yanzu. Makiyaya suna sha, kika ce. Masu noman fadama suna sha. Garuruwan da ke ƙasa da mu, har wajen Kebbe, ba su da famfo. Ba wanda ya musa miki, ba kuma wanda ya daina. Kika ci gaba da zuwa gindin kanya da hantsi, ke kaɗai, kina tsaron mashayar da ba mai zuwa ɗiba sai ke.

Ina 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu aka fara aikin hanya daga Tambuwal. Ɗan kwangila yana buƙatar yashi don gada da kwalbatoci, kuma ba da kwando zai ɗiba ba, da tifa. Tifa tana son gangara, wurin da ya fi sauƙi kuwa shi ne daidai kanya. Ya yi wa ƙungiya alkawarin gina ɗakin shan magani in an ba shi wurin. Suka yarda. Ranar da katafila ta iso, kin riga ta. Kika shimfiɗa tabarma a gindin itacen, kika zauna da carbinki. Daga hantsi har aka kira azahar direban yana zaune a inuwar motarsa yana jira, mutane sun taru a gaɓa suna kallo.

Yaya ne ya zo. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gabanki, ya yi magana ƙasa ƙasa, amma ina kusa na ji. "Inna, don girman Allah ki tashi. Mutanen ga baƙi na, kuma ni na sa hannu. In kin ƙi, ba ni iya ɗaga kai cikin garin ga." Kika daɗe kina kallonsa. Sannan kika miƙo hannu, ni na kama, ni na naɗe tabarmar. Ba mu kai gida ba muka ji faɗuwar kanya, har ƙasa ta amsa. Ba ki waiwaya ba. A zaure kika tsaya kika ce mini, "Na tashi don Umaru, ba don sun fi ni gaskiya ba. Ki riƙe wagga."

An gina ɗakin shan maganin. Hanya ta zo. Matar da naƙuda ta yi wa tsanani ana iya sa ta a mota a kai ta Tambuwal kafin ta galabaita. Ganin farar rigar ma'aikaciyar da aka kawo ne ya sa na ce ni ma aikin lafiya zan koya, kuma ke kika tsaya mini har na tafi. Duk ban manta ba.

Sai dai gangarar da aka buɗe wa tifa ba a sake rufe ta ba. Ɗan kwangila ya gama ya tafi, masu buga bulo suka gaje ta. Kowa yana son gidan siminti da kwano, kuma yashi kyauta ne. Ƙungiya ta ga ƙuda sun dami kasuwa, ta gina wa mahauta mayanka, aka sa ta a gaɓa don ruwa ya riƙa tafiya da jini da tumbi. Masu gyaran babur da injin niƙa suka jeru a bakin gada, baƙin mai yana gangarawa. Injin ban ruwa ya kori jigo, manoma suka sare gezar da ke riƙe gaɓa don su ƙara kadada har bakin ruwa. Leda ta zo. Kowane aiki in ka ɗauke shi shi kaɗai, alheri ne, kuma da kyakkyawar niyya aka yi shi. Ba wanda ya taɓa zama ya ce bari mu kashe gulbi. An dai mai da shi bayan gida na gari duka, wurin da ake kai abin da ba a son gani. Masuntan da suke kawo mana tarwaɗa da ƙarfasa suka rataye komarsu ta kamun kifi, wasu suka shiga sayar da kifin ƙanƙara da ake kawowa a kwali daga birni.

Yanzu zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A ciwonki na ƙarshe, lokacin ina aiki a Jabo na ɗauki hutu na dawo jinya, kin daina cin komai. Wata rana da hantsi kika ce ruwan gulbi kike marmari, na mashaya. Na ɗauki tulu na tafi. Na tsaya daidai kututturen kanya. Ruwan ya yi kore, da wani maiƙo mai launi yana yawo a samansa, ƙasa kaɗan kuma jinin mayanka yana shigowa, ungulaye sun jeru. Na tsaya da tulu a hannu ban san tsawon lokacin ba. Daga nan na juya na bi ta famfo, na cika tulun, na zagaya ta hanyar gulbi don in shigo gida ta inda ya kamata. Na zuba a ƙwarya na ɗaga kanki. Kika kurɓa sau ɗaya, kika riƙe a baki, kika haɗiye. Kika ce, "Wanga na famfo na, Kulu." Sannan kika ce, "Har ya kai haka?" Na ɗaga kai alamar e. Ba ki sake tambaya ba, kika juya fuska wajen bango. Bayan kwana uku kika cika.

Ki yafe mini ƙaryar nan, Inna. Da ma na gaya miki gaskiya tun daga ƙofa.

Na yi shekaruna na aiki a Jabo da Dogon Daji da Kebbe. A Kebbe musamman, na ga abin da muke aika wa na ƙasa da mu. Yara masu tsargiya suna fitsarin jini, mata masu ƙaiƙayi har gwiwa, makiyaya da gudawa duk bazara. Ina ba su magani, ina ce musu su tafasa ruwa, ban taɓa ce musu daga garinmu wani abin yake gangarowa ba. Na yi shiru don aikina, na yi shiru don Yaya, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙungiya, ana yabonsa ko'ina.

Da na ajiye aiki na dawo gida, sai na tarar abin ya wuce ƙazanta. Kin tuna Ige, ɗiyar maƙwabciyarki, wadda muke zuwa ɗiban ruwa tare? Mijinta ya rasu, da noman albasa a fadama take riƙe da jikokinta. Ta kai ni ta nuna mini rijiyarta. Da, in ka haƙa kamu uku a fadama ruwa ya taso. Yanzu sai mutum ya shige har ba a ganin kansa, kuma kafin albasa ta ƙosa rijiyar ta ƙafe. Tifa ta kwashe yashin da yake riƙe ruwa, cikin gulbi ya yi zurfi, ruwan fadama yana tsiyayewa ya bi shi. Famfon tsakiyar gari ma, wanda aka yi wa kiɗa, da bazara sai a yi ta tuƙi yana fitar da iska.

Gaɓa kuma tana zaftarewa. Tunda babu geza babu itace, duk damina ruwa yana yankar ƙasa ya tafi da ita. Bara ya ci gonaki biyu ya kai gefen maƙabarta. Maza suka fita da sassafe suka gyara abin da ya bayyana, suka mayar can ciki, aka ce kada a yi maganar. A maƙabartar nan kike, Inna. Ke da Baba da Hadiza.

Ana cikin haka sai na ji ƙungiya za ta gina babban ɗakin taro da ƙofar shiga gari mai ado, don garuruwan maƙwabta duk sun yi. Yashin kuwa za a ɗiba a gurbin da ke ƙasan maƙabarta, don nan kaɗai ya rage mai kyau. Na rubuta musu takarda, ba amsa. Na nemi a ba ni dama in yi magana a taro, aka ce ba a saba mata su shiga ba, in faɗa wa yayana. Na tafi gidansa na durƙusa na faɗa masa duk abin da na gani, tun daga Kebbe har rijiyar Ige. Ya saurare ni har ƙarshe, don Yaya ba mai wulaƙanci ba ne. Ya ce, "Kulu, gulbi ba shi ƙarewa. Tun kakanni aka ɗibar shi. Ki bar ma maza aikinsu."

Ige ce ta kawo shawarar. Muna zaune a tsakar gidanta na gaya mata yadda muka yi, ta ce, "In sun hana mu magana zauren taro, ai ba su hana mu daka. Kowa da inda yaka aje turminai."

Washegari da hantsi mu tara, duk tsofaffi da zawarawa, muka mirgina turamenmu har gangarar tifa. Muka jera su daga wannan gefe zuwa wancan, muka zuba gero, muka fara surfe. Ba mu ɗauki allo ba, ba mu yi waƙar zambo ba, aikin gidanmu kawai muka kawo. Tifar farko da ta iso, direbanta ɗan ɗaya daga cikinmu ne, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ya kashe mota, ya sauko, ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, daka take yi. Ya koma da baya har bakin hanya. Na biyu baƙo ne, ya matso har muna jin zafin injin a fuska, yana ta taka mai, hayaƙi yana shiga cikin geronmu. Inna, ni kam na sauke taɓaryata. Na dubi Ige, ko taɓarya ɗaya ba ta ɓata ba. Sai na ɗaga tawa. Direban ya gaji ya kashe motar.

Kwana na biyu muka ninka. Kwana na uku har da matan aure, wasu da izinin mazansu, wasu ban tambaya ba. Aka kawo sussuka, aka kawo tankaɗe, wata ta kafa tallan fura. Uwargidan sarkin fawa ta zo da turminta ta ce ta gaya wa maigidanta in yana son tuwo ya zo bakin gulbi ya ci, ya ji warin da muke ji.

Kwana na huɗu Yaya ya zo. Ya tsufa, Inna, gemunsa fari fat, yana dogara sanda. Da mata suka hango shi taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Maza sun biyo shi sun cika gaɓa. Ya tsaya a gabana, ya kira ni da sunan yanka, abin da bai taɓa yi ba tun ina yarinya. "Hauwa'u, ɗauki turminki ki tai gida. Ni nika ce miki." Shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan Baba, shi ya aurar da ni, ban taɓa musa masa ba ko a ɗaki. Na durƙusa kamar yadda kika koya mini, na ce, "Yaya, Inna ta tashi maka sau guda, ni na kama hannunta. Ni ba ni tashi." Kowa ya ji. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya juya ya hau gangarar a hankali, ba wanda ya iya kama shi.

Wannan ita ce kunyar da ake cewa na ba shi. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba. Amma da gari ya waye na koma wurin turmina.

Ga masu karantawa da suke kirana mai ƙin ci gaba, Inna, ki ba ni dama in juya gare su kaɗan. Ni na yi karatu a ajin da aka gina da yashin gulbin nan. Da hannuna, kafin a canza mini wurin aiki, na yi wa 'ya'yanku rigakafi a ɗakin maganin da aka sare kanya dominsa. Ba na son a koma zamanin kurkunu, na ga ƙafar yayana. Abin da na ƙi shi ne a kwashe ƙasan maƙabarta don a yi ƙofa mai fenti da baƙo zai wuce ta ƙarƙashinta ya ce garin nan ya ci gaba. Shekara arba'in da ɗoriya ana ɗiba a gulbin nan ana zuba masa ƙazanta, ba a taɓa yin taro guda don a tambayi abin da za a mayar masa ba. In wannan tambayar ce ƙin ci gaba, to na karɓi sunan, ku ci gaba da kira, zan amsa.

Ga yadda ta kaya. Bayan mako biyu hakimi ya kira mu, ni da Ige da shugabannin ƙungiya. Ya saurari kowa, ya aika aka duba gaɓa. Ya yanke cewa daga kututturen kanya har ƙarshen maƙabarta ba a sake ɗiban yashi, sauran wurare kuma a dakata sai an ga abin da damina za ta yi. Sarkin fawa ya sa an haƙa rami a bayan mayanka, ana binne jini da tumbi, manoma ma sun fara roƙon abin don taki. Mun dasa geza a gaɓa da 'yan kanya guda ashirin, awaki sun cinye rabi, mun kewaye sauran da ƙaya.

Kada in ruɗe ki. Ruwan har yanzu ba ya shayuwa. Kifi bai dawo ba. Rijiyar Ige bana ma za ta ƙafe. Tifofin kuma ba su mutu ba, sun gangara ƙasa wajen wani ƙauye a hanyar Kebbe suna ɗiba a can, wato mun ture wa maƙwabci ne kawai. Matan ƙauyen sun aiko suna tambayar yadda muka yi, Ige za ta je musu ranar kasuwa. Ni na san ba zan ga ranar da za a sake tara ƙwarya a mashaya ba. Wataƙila jikokin jikokinki su gani, wataƙila ba za su gani ba. Ba don na tabbata za mu ci nasara nake zuwa ba.

Yaya ba ya mini magana. In na gaishe shi ya ce lafiya, shi ke nan. Ina aika masa fura yana sha, matarsa ta gaya mini. Jumma'ar da ta wuce da safe muna bakin gangara, sai muka hango shi shi kaɗai can inda gaɓa ta zaftare. Ya tsaya a bakin ramin ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya nufi cikin maƙabarta yana takawa a hankali, sanda gaba, ƙafa baya, muna ganin bakinsa yana motsi. Kin san mu mata ba mu shiga, ban taɓa sanin daidai inda kike ba, sai dai kwatance. Da ya fito ya biyo ta gabanmu. Bai dube ni ba, bai yi sallama ba. Ya ɗan tsaya kusa da turmina, idonsa yana kan ruwa, ya ce, "Taku talatin da huɗu ya rage zuwa wurin Inna." Ya wuce.

Bai ce na yi daidai ba, ban kuma sa ran zai faɗa ba. Amma ya je ya auna da ƙafarsa mai ciwo, kuma ni ya zo ya gaya wa.

Inna, Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Allah ya jiƙan Baba da Hadiza da duk waɗanda suke kwance tare da ku, ya tsare ƙasar da ta rufe ku. Allah ya saka wa Yaya Umaru da alheri a kan duk ran da ya tsira ta dalilinsa, ya sassauta zuciyarsa gare ni, kada ya ɗauki ɗayanmu muna cikin wannan hali. In na yi kuskure a yadda na yi magana, Allah ya yafe mini. A kan zaman da na yi kuwa, ba na neman afuwar kowa.

Zan tsaya nan, don Ige ta aiko in auna geron gobe. Direbobin suna leƙowa lokaci lokaci su ga ko mun gaji. Gobe ma za su same mu.

Wassalam.

Ɗiyarki mai yi miki addu'a kullum,
Kulu.